Gidauniyar iyali da ƙananan ƙungiyoyi: daga ina kuɗin ke fitowa, wa ke raba shi, wa ke bin sawunsa?

A ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da shi a karo na biyu, Shugaban Amurka Donald Trump ya sanya hannu kan umarnin dakatar da tallafin da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90. Zuwa farkon watan Yuli an rufe hukumar USAID, aka mayar da ragowar ayyukanta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen ƙasar. Girgizar ta iso har arewacin Najeriya. Manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa sun rage ma'aikata, su kuwa ƙananan ƙungiyoyin gida da ke karɓar ɗan abin da ya gangaro daga hannunsu, da dama sun wayi gari babu kuɗin mai, balle na albashi.

Tun daga lokacin ake ta nanata cewa ya kamata attajiran gida su cike giɓin. Maganar tana da daɗin ji, sai dai ba kasafai ake tsayawa a fayyace hanyar da kuɗin attajiri ke bi kafin ya isa hannun ƙungiyar mata a Takum ko ƙungiyar matasa a Gusau ba. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ita ce gidauniyar iyali. Wannan bayani ya duba yadda take aiki, da abin da doka ta ce a kanta, da kuma inda ƙaramar ƙungiya ke tsayawa idan ta miƙa mata hannu.

Mece ce gidauniyar iyali?

Cibiya ce ta taimako wadda mutum ɗaya ko gida ɗaya ya zuba dukiyar kafa ta, kuma 'yan gidan ne ke da babbar murya a majalisar amintattunta. Abu uku ne ya bambanta ta da sauran ƙungiyoyin agaji. Na farko, tushen kuɗinta ɗaya ne, don haka ba ta yawon neman gudummawa. Na biyu, akasari ana ware mata jarin dindindin, a zuba shi a hannayen jari ko takardun lamunin gwamnati ko gidaje, ribar da ya haifa ita ake rabawa, uwar kuɗin kuma ta zauna. Na uku, amintattunta ba zaɓensu jama'a suka yi ba, kuma babu masu hannun jari da za su tuhume su a taron shekara.

Ta sha bamban da gidauniyar kamfani, irin ta MTN, wadda ke samun kuɗinta daga wani kaso na ribar kamfanin, don haka ƙarfinta ke hawa da sauka tare da kasuwa. Ta kuma sha bamban da gidauniyoyin da ake buɗewa da sunan masu riƙe da muƙami ko iyalansu, waɗanda ba su da wani jari a ajiye, sukan kuma yi shiru da zarar wa'adin mulki ya ƙare.

Salon zamani na irin wannan cibiya a Amurka ya bunƙasa. Andrew Carnegie ya kafa tasa a 1911, iyalan Rockefeller a 1913, iyalan Ford a 1936. Tarihin ta Ford ya nuna cewa gidauniya na iya fita daga hannun gidan da ya haife ta: Henry Ford na biyu ya ajiye kujerarsa a ƙarshen 1976, kuma sai a 2019 wani ɗan gidan ya sake shiga majalisar amintattunta.

Ainihin tunanin kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne wakafi, wanda a Kano aka fi kira hubusi: a tsare asalin dukiya, a ciyar da amfaninta. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wakafin da aka yi domin zuriya da wanda aka yi domin jama'a, kuma jihohi irin su Kano da Zamfara da Sakkwato na da hukumomin zakka da wakafi. Abin da salon zamani ya ƙara shi ne ofis da ma'aikata da takardar neman tallafi da rahoto.

Masu yi da kansu da masu bai wa wasu su yi

Ba kowace gidauniyar attajiri ce ke bai wa ƙananan ƙungiyoyi kuɗi ba, kuma rashin sanin haka na sa shugabannin ƙungiyoyi ɓata lokaci suna rubuta wasiƙun da ba za a amsa ba. Gidauniyoyi iri biyu ne. Akwai mai gudanar da ayyukanta da kanta ko tare da gwamnati da manyan cibiyoyi. Akwai kuma mai raba tallafi, wadda babban aikinta shi ne zaɓen ƙungiyoyi ta ba su kuɗi su aiwatar.

Mafi yawan manyan gidauniyoyin Najeriya sun fi karkata ga iri na farko. Gidauniyar Aliko Dangote, wadda aka kafa a 1994 aka kuma sanar da ware mata dala biliyan 1.25 a 2014, an fi saninta da haɗin gwiwa da gidauniyar Gates da gwamnatocin jihohin arewa wajen yaƙi da cutar shan inna, da rabon Naira 10,000 ga mata a ƙananan hukumomi, da rabon shinkafa a watan azumi. Gidauniyar Tony Elumelu ta ƙaddamar da shirin dala miliyan 100 a 2015, inda take bai wa matasa masu sana'a dala 5,000 kowanne. Ɗaiɗaikun 'yan kasuwa take nema. Shirin ASR Africa da Abdul Samad Rabiu ya ƙaddamar a 2021 ya fi bai wa jami'o'i da gwamnatocin jihohi da hukumomi manyan kuɗaɗe domin gine-gine da kayan aiki.

Wadda ta ɗauki rabon tallafi ga ƙungiyoyi a matsayin babban aikinta tun daga farko ita ce gidauniyar TY Danjuma, shi ya sa ta dace a ɗauke ta misali.

Gidauniyar TY Danjuma a matsayin misali

Laftanar Janar Theophilus Yakubu Danjuma mai ritaya haifaffen Takum ne a jihar Taraba ta yau. Ya riƙe muƙamin babban hafsan sojin ƙasa daga 1975 zuwa 1979, ya kuma yi ministan tsaro daga 1999 zuwa 2003. A 1998, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, kamfaninsa South Atlantic Petroleum ya samu lasisin haƙar mai a cikin teku mai lamba OPL 246. A 2006 kamfanin CNOOC na ƙasar Sin ya sayi kashi 45 cikin 100 na wannan rijiya a kan kuɗi sama da dala biliyan biyu. A 2010 Danjuma ya faɗa a bainar jama'a cewa bayan an cire haraji da sauran kuɗaɗe, kimanin dala miliyan 500 suka rage masa daga cinikin. Gidauniyar da ke ɗauke da sunansa ta fara aiki a 2009, da jarin da aka sanar na dala miliyan 100.

Hedikwatarta na Abuja, kuma ta fi mayar da hankali ga lafiya da ilimi. Jihohi biyu ne suka samu kulawa ta musamman tun farko: Taraba, mahaifar Danjuma, da Edo, mahaifar matarsa Daisy Danjuma, wadda ta wakilci Edo ta Kudu a majalisar dattawa daga 2003 zuwa 2007. Gidauniyar kan fitar da sanarwar neman tallafi ga ƙungiyoyin da ke da rajista a Najeriya, ta kuma tallafa wa ayyuka irin su aikin ido kyauta da yaƙi da cutar makanta da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, inda ta yi aiki da ƙungiyar MITOSATH a Taraba. A Takum akwai asibitin haihuwa mai suna Rufkatu Danjuma, sunan mahaifiyarsa.

Wannan taƙaitaccen tarihi ya ƙunshi duk siffofin gidauniyar iyali. Taswirar tallafin ta bi taswirar gidan, wanda ba laifi ba ne a doka, kuma Taraba jiha ce da manyan masu bayar da agaji ba su cika waiwaya ba. Tushen dukiyar kuwa albarkatun ƙasa ne da gwamnatin soja ta bayar da lasisinsu, don haka ɗan ƙasa na da hujjar sha'awar sanin yadda ake juya abin da aka ware domin jama'a. Sannan wanda ya kafa ta mutum ne mai nauyi a siyasa. Ya shugabanci asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa da aka kafa a 2014, kuma a Maris ɗin 2018, a jami'ar jihar Taraba da ke Jalingo, ya zargi sojoji da haɗa baki da masu kisa, ya kira jama'a su kare kansu, maganar da rundunar sojin ta musanta. Ƙungiyar da ta karɓi kuɗin irin wannan gida, ko ta so ko ta ƙi, wasu za su riƙa kallonta ta fuskar mai gidan.

Hanyar da ƙaramar ƙungiya ke bi

Matakan sukan yi kama da juna a yawancin gidauniyoyi masu raba tallafi. Ana farawa da sanarwa, wadda ke fayyace fannin da ake so, da jihohin da suka cancanta, da ranar rufewa. Ƙungiya ta aika taƙaitaccen bayanin aikin da take son yi, shafi biyu ko uku. Waɗanda suka tsallake wannan tankaɗe ake nema su kawo cikakken tsari tare da kasafin kuɗi. Daga nan sai tantancewa: ma'aikatan gidauniya su duba takardu, wani lokaci su je har ofis su ga ko akwai shi. Majalisar amintattu ce ke yanke hukuncin ƙarshe. Idan an amince, a sanya hannu kan yarjejeniya, a riƙa sakin kuɗin kashi-kashi, kowane kashi sai an kawo rahoton aiki da rasit na wanda ya gabata.

Takardun da aka fi nema su ne shaidar rajista da hukumar CAC, da lambar haraji, da asusun banki da sunan ƙungiya mai masu sa hannu fiye da ɗaya, da rahoton odita na shekara ɗaya ko biyu, da shaidar ayyukan baya. Bankuna kuma sukan nemi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin hukumar EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, kafin su buɗe wa ƙungiya asusu.

A nan ne ƙungiyoyin da suka fi kusa da jama'a ke faɗuwa. Ƙungiyar ci gaban ƙauye ko ta ungozomomi ko ta nakasassu sau da yawa rajistarta ta tsaya ne a ƙaramar hukuma ko a ma'aikatar mata ta jiha. Rajistar amintattu a CAC na buƙatar tsarin mulki a rubuce, da buga sanarwa a jaridu biyu, da jiran kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, ga kuma kuɗin lauya. Odita ma kuɗi ne. Sanarwar neman tallafin da Turanci take fitowa a intanet, amsar ma da Turanci ake so, cikin wani salon rubutu da sai wanda ya taɓa aiki da ƙungiyoyin waje ya iya. Sakamakon haka, wanda ya fi iya rubutu kan riga wanda ya fi iya aiki. Ƙungiyar da ke Abuja ta karɓi kuɗin, ta ɗauki ta ƙauye ta yi mata aikin a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Santambul a 2016, manyan masu bayar da agaji sun yi alƙawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin jinƙai zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kai tsaye gwargwadon hali. Shekarar ta zo ta wuce ba a cika alƙawarin ba. Gidauniyar iyali na da damar yin abin da waɗancan suka kasa, domin ba ta da majalisar dokokin da za ta tsorata da ita. Hanyoyin da aka sani su ne ware ƙaramin asusu mai sauƙin sharuɗɗa ga ƙungiyoyin al'umma, ko barin babbar ƙungiya ta riƙe kuɗin a madadin ƙarama har ta kammala rajista, ko haɗa tallafin da horo kan ajiye lissafi.

Wane irin tallafi ne, kuma me ya hana a taɓa?

Yawan kuɗin ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Sharaɗin da ke ɗaure da shi na iya fin adadinsa muhimmanci. Tallafin aiki shi ne wanda aka ƙayyade: rijiya kaza, tabarau kaza, horar da malamai kaza, cikin wata 12. Tallafin gudanarwa kuwa shi ne wanda ƙungiya ke da 'yancin kashewa a inda ta ga buƙata, har da haya da albashi da man janareta. Na farkon ya fi yawa nesa ba kusa ba, saboda shi ne ake iya ɗaukar hotonsa a sa a rahoton shekara.

A ɗauka, domin misali, wata ƙungiya ta samu Naira miliyan 10 don gyara rijiyoyin burtsatse, aka ce kashi 10 cikin 100 kaɗai za ta taɓa domin gudanarwa. Naira miliyan ɗaya ke nan na shekara guda, wanda daga ciki za a biya akanta, da hayar ofis, da kuɗin waya, da odita. Ba zai isa ba. Abin da ke biyo baya sananne ne a wannan fage: ko dai ma'aikata su yi aikin sa-kai har su gaji su tafi, ko kuma a fara cusa kuɗin ofis cikin farashin kaya, wanda shi ne ƙofar rasit na bogi. Wasu manyan gidauniyoyin Amurka sun amsa cewa matse wannan kaso na raunana ƙungiyoyi. Ford ta ɗaga nata zuwa kashi 20 cikin 100 a 2016, MacArthur kuma ta kai nata kashi 29 daga 2020.

Sai kuma hauhawar farashi. Bayan da aka saki darajar Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma zuwa kusan Naira 1,500 a shekarar da ta biyo baya, kuma a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Kasafin da aka amince da shi a Janairu ba zai sayi siminti ɗaya da na Disamba ba. Idan yarjejeniya ba ta tanadi damar sake duba kasafi ba, ƙungiyar ce ke ɗaukar asarar, ita ce kuma za a ce ta gaza cika alƙawari.

Abin da doka ta ce

A Najeriya yawancin gidauniyoyi da ƙungiyoyin da suke tallafawa na ƙarƙashin doka ɗaya ne, wato dokar kamfanoni ta CAMA da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Agustan 2020. Ɓangarenta da ya shafi amintattu ya hana a raba dukiyar ƙungiya ga mambobi a matsayin riba, ya kuma wajabta miƙa rahoton shekara ga CAC. Sashe na 839, wanda ya bai wa hukumar ikon dakatar da amintattu, ya jawo ƙorafi mai zafi daga ƙungiyar Kiristoci ta CAN da ƙungiyoyin farar hula, har maganar ta kai gaban kotu. Kafin nan, ƙudurin kafa hukumar kula da ƙungiyoyi masu zaman kansu da Umar Buba Jibril ya gabatar a majalisar wakilai a 2016 ya gamu da irin wannan turjiya bai zama doka ba.

Abin lura shi ne duk wannan muhawara a kan ikon gwamnati take. Haƙƙin jama'a na ganin lissafi bai samu irin wannan kulawa ba. Babu dokar da ta tilasta wa gidauniya a Najeriya ta kashe wani ƙayyadadden kaso na jarinta kowace shekara, babu kuma wadda ta tilasta mata wallafa sunayen waɗanda ta bai wa tallafi da adadin da kowa ya samu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta shafi hukumomin gwamnati ne da kamfanonin da ke amfani da kuɗin gwamnati ko gudanar da aikinta. Gidauniyar da ta wallafa rahotonta, don ra'ayin kanta ta yi.

A Amurka abin ya sha bamban, tun daga gyaran dokar haraji na 1969. Gidauniya mai zaman kanta dole ta fitar da kimanin kashi 5 cikin 100 na darajar jarinta duk shekara domin ayyukan taimako. Jarin dala miliyan 100 na nufin kusan dala miliyan biyar a shekara. Tana biyan harajin kashi 1.39 cikin 100 a kan ribar jarin. An haramta mata ciniki ko haya ko rance tsakaninta da wanda ya kafa ta da iyalansa, an kuma haramta mata shiga yaƙin neman zaɓe. Kowace shekara tana cike wata takarda mai suna 990-PF, wadda kowa na iya karantawa, mai ɗauke da jerin waɗanda aka bai wa tallafi da abin da aka biya amintattu. Hujjar dokar ita ce, tunda an yafe wa mai bayarwa haraji, jama'a ma sun sa hannu a kyautar.

Amfanin wannan fayyacewa ya bayyana a kan gidauniyar iyalan Trump kanta. A 2016 ɗan jaridar Washington Post David Fahrenthold ya bi takardun harajinta, ya kuma riƙa kiran ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko kuɗin da aka yi alƙawari ya iso, aikin da ya samo masa kyautar Pulitzer a 2017. Ofishin babban lauyan jihar New York ya shigar da ƙara a 2018, aka amince a rushe gidauniyar, kuma a Nuwamban 2019 kotu ta umarci Trump ya biya dala miliyan biyu ga ƙungiyoyin agaji saboda amfani da ita ta hanyar da ba ta dace ba. Ɗan jaridar da ke son yin irin wannan bincike a Najeriya ba shi da takardar da zai fara da ita, sai abin da gidauniya ta ga damar nunawa.

Ƙarfinta da rauninta

Gidauniyar iyali na da abin da gwamnati da manyan hukumomin agaji ba su da shi. Tana iya yanke hukunci cikin makonni. Tana iya gwada sabon abu, ya faɗi, ba tare da an kira kowa gaban kwamitin majalisa ba. Tana iya zama da ƙungiya ɗaya shekara goma, ta kuma shiga lungun da ba a jin labarinsa. Kuɗinta ba ya tsayawa don an sauya gwamnati a wata ƙasa mai nisa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma attajirin da ya tashi a wuri ya fi baƙo sanin ciwon wurin.

Amma 'yancin nan shi ne kuma rauninta. Abin da mai gida ke so shi ake yi, ko da buƙatar jama'a na wani wajen. Idan ya rasu, magada na iya sauya alƙibla ko su rufe famfon. Gidauniyar Gates ma, ɗaya daga cikin mafiya girma a wannan fage, ta sanar a Mayun 2025 cewa za ta rufe a ƙarshen 2045, abin da ke tunatar da cewa dawwamar irin waɗannan cibiyoyi na hannun masu su ne. Ga kuma batun bakin da ya ci. Ƙungiyar da ke fafutukar kare muhalli ko haƙƙin ma'aikata da wuya ta soki kamfanin gidan da ke biyan hayar ofishinta, ko da ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa tallafin attajiran gida ya fi zuba a asibiti da makaranta da abinci, su kuwa ƙungiyoyin da ke bin diddigin kasafin kuɗi da kwangiloli da zaɓe har yanzu sun fi dogaro da kuɗin waje.

A ƙarshe akwai rashin daidaito wajen lissafi. Ƙaramar ƙungiya na kawo rasit a kan kowane kwabo, ana iya zuwa ofishinta a kowane lokaci, ana iya tsayar da kuɗinta da wasiƙa ɗaya. Ita kuwa ba ta da inda za ta kai ƙara idan aka jinkirta kashi na biyu wata shida, ko aka ƙi ta ba tare da an faɗi dalili ba.

Tambayoyin da ya kamata a riƙa yi

Ga ƙungiyar da ke neman tallafi: Gidauniyar na raba kuɗi ne ko da kanta take aiki? Kashi nawa aka yarda a kashe a gudanarwa? Za a iya sake duba kasafi idan farashi ya tashi? Tallafin na shekara nawa ne, kuma me zai faru da aikin bayan ya ƙare? Yarjejeniyar ta hana ƙungiya faɗin albarkacin bakinta a kan wani abu? Akwai ƙa'ida ɗaya da ba ta sauyawa: gidauniya ta gaskiya ba ta karɓar kuɗin fom ko kuɗin rajista daga mai neman tallafi. Duk wanda ya nemi a tura masa wani abu kafin a saki kuɗi, ɗan damfara ne.

Ga ɗan jarida da ɗan ƙasa: Jarin da aka sanar a taron ƙaddamarwa, an miƙa shi ga gidauniyar a zahiri ko alƙawari ne? Nawa ta kashe bara, kuma nawa daga ciki ya isa hannun ƙungiyoyi? Su wane ne amintattu, kuma mutum nawa ne a cikinsu ba 'yan gida ko ma'aikatan kamfanin gidan ba? Akwai jerin waɗanda suka amfana da za a iya kira a tambaya? Rabon kan ƙaru ne idan zaɓe ya matso?

Gidauniyar da ke aikinta tsakani da Allah ba za ta sha wahalar amsa waɗannan ba, domin amsoshin na cikin littattafanta. Idan kuwa ana son attajiran gida su karɓi wani ɓangare na nauyin da masu agajin waje suka sauke, to muhawarar da ke gaban majalisa da ƙungiyoyin farar hula ita ce ko lokaci ya yi da doka za ta wajabta wallafa jerin tallafi da rahoton odita na kowace gidauniya mai babban jari, kamar yadda ita ma take wajabta wa ƙananan ƙungiyoyin da ke karɓa daga hannunta.